Ina Isnadin Wannan Shafin?

Ina cikin shekarata ta biyu da fara aiki a wani kafe da ke kusa da tsohuwar Jami'ar Bayero abin ya faru. Aikin namu sananne ne: fotokofi, buga takardu, cike fom, duba sakamakon jarrabawa. Wata Asabar da hantsi wani dattijo ya shigo da ɗansa a baya, kafaɗar rigarsa duk ƙurar buhu. Daga Dawanau yake, wai ya ji ana raba tallafin karatu ga yaran da suka gama sakandare. Na lalubo a Google, na latsa abin da ya fara fitowa. Shafi ne tsaf-tsaf, ga kore-fari-kore a sama, ga ɗan kwaɗon nan a gefen adireshi. Na cike fom, aka nemi kuɗin rajista. Dattijon ya zaro su daga aljihun 'yar-ciki, ya ƙirga sau biyu yana tsoma yatsa a baki, sannan ya miƙo mini. Daga ranar shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Da ya dawo bayan wata guda, ogana ya biya shi daga aljihunsa, ya raka shi har bakin titi. Na zaci faɗa zan sha. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Kai da ka yi Islamiyya, in an kawo maka hadisi, me ake fara tambaya?"

Na ce, "Isnadi, Oga."

"To ina isnadin wannan shafin?"

Muka buɗe shi tare. Babu sunan ma'aikata, babu adireshin ofis, babu wanda ya sa hannu, babu ranar da aka rubuta. Tambari kawai da hoton ɗalibai suna dariya, kuma ko ɗaya a cikinsu bai yi kama da wanda ya taɓa shiga adaidaita sahu ba.

Abin da ya fara koya mini shi ne karanta adireshi daga wutsiya. Sunan da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, amma cikinsa akwai hawa-hawa. Kowa zai iya sayen .com.ng ko .com da kuɗi kaɗan cikin minti goma. Shi kuwa .gov.ng na hukumomin gwamnati ne, .edu.ng na manyan makarantu. Shi ya sa jamb.gov.ng na JAMB ne, buk.edu.ng na Bayero ne. Wanda kuwa ya cusa sunan hukuma a tsakiyar dogon adireshi ya ƙare da wata wutsiya daban, rigar aro ya saka.

Kwaɗon ne ya fi ba ni kunya, don da shi na kafa hujja. Ashe ma'anarsa kawai ita ce an rufe hanyar da ke tsakanin kwamfutarka da shafin, wani ba zai leƙa abin da kake aikawa ba. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma kyauta ake samunsa. Ɓarawo ma yana kulle ƙofarsa. Ba ni kaɗai na ruɗe ba: a 2023 Google ya cire alamar kwaɗon daga Chrome, manhajarsa ta buɗe shafukan intanet, saboda yawan masu ɗaukarta shaidar amana.

Amma 'yan damfara ba su ne suka fi yawa ba, kuma ba su ne suka fi cin lokacina ba. Waɗanda suka fi yawa su ne shafukan da ba ƙarya suke yi ba, kuma ba taimakonka suka zo yi ba. Ka tambayi ranar rufe rajista, sai a faro maka daga cewa an kafa JAMB a 1978, a bi da amfanin ilimi ga ɗan Adam, talla ta tare maka fuskar waya sau uku, datarka na zuba, amsar kuma tana can ƙasa cikin layi ɗaya. Dalilin a fili yake: da talla suke ci, gwargwadon daɗewarka gwargwadon samunsu. Ba na ganin laifin neman abinci, ko jarida da talla take rayuwa. Sai dai tun da na gane haka, ina buɗe shafi nake tambayar kaina a ina mai shi yake cin riba. In shafi yana bayanin ciwon suga, a ƙasa kuma yana sayar da garin magani, to bayanin kiran kasuwa ne.

Abin mamaki, shafin farko a duniya ba haka yake ba. Tim Berners-Lee ne ya ɗora shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, ya fito ga jama'a a 1991, kuma ba komai a cikinsa sai rubutu tsura da ke bayyana mene ne wannan sabuwar yanar da yadda ake amfani da ita. Har yanzu ana iya ganin kwafinsa. Ba shi da kyau ko kaɗan.

Wikipedia kuwa na daɗe ina yi mata kallon raini, don malamai sun ce kowa na iya rubutu a ciki. Gaskiya ne. Sai dai tun kafa ta a 2001 ba ta saka talla, kuma kowane shafi yana da tarihinsa a buɗe: wa ya canza me, a wace rana. Isnadi ke nan, ko da wani lokaci mai rauni ne. Akwai ta Hausa ma. Ni dai zaure na ɗauke ta, inda ake nuna maka ƙofar da za ka bi. Ba a nan ake kwana ba.

Darasin da ya fi zama mini, a Dawanau na koye shi. Wasu 'yan kasuwar hatsi suka nemi a yi musu ɗan shafi da zai riƙa nuna farashi da yadda baƙo zai yi sayayya, Oga ya tura ni. Na kwana uku ina ƙawata shi. Na buɗe da tarihin kasuwancin Kano, har da Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa, na jera manyan hotuna, na kai farashin ƙarshe. Ranar da na je nunawa, cikin waɗanda ke zaune a rumfar har da dattijon nan. Ya gane ni, bai ce komai ba. Aka miƙa masa waya, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi ɗaure da kyauro. Hotunan suka ƙi buɗewa. Ya yi ta jan yatsa sama har ya isa kan masara, ya nisanta wayar daga idonsa ya karanta.

"Ɗana, wannan farashin na wace rana ne?"

"Na makon jiya ne, Baba."

"A ina ka rubuta?"

Ban rubuta ba. Ya ce a nan farashin safe daban, na la'asar daban, na kaka kuma ba ya gaisawa da na bazara. Wanda ya taso daga Maraɗi da mota saboda lambar da ba ta da rana, wa zai biya shi kuɗin mai?

A daren na kwashe Rumfa da Kurmi na mayar da su wani shafi daban, na rage hotunan suka koma ɗaya. Farashi ya dawo sama, kowane layi da ranarsa da lokacinsa, a ƙasa kuma sunan ƙungiyar da rumfar da za a same su. Washegari na koma. Dattijon ya karɓi wayar, shafin ya buɗe kafin ya gama gyara zama. Ya duba masara, ya duba gero, ya ce na wake ya motsa tun da safe, in gyara. Sannan ya aiki yaro ya sayo mini fura.