Ranar da na ƙi yi wa abokina kara

Karon farko da na kaɗa ƙuri'a a zaɓen admin, wato mai kula da shafuka, na Wikipedia ta Hausa, ban ɗauki minti biyu ba. Na ga sunan mai nema, na san shi, mun sha zama tare a wajen horar da sababbin editoci, har ya taɓa tura mini data ranar da tawa ta ƙare ana tsakiyar gasar rubutu. Na leƙa yawan gyare-gyarensa na ga dubbai, sai na rubuta "Na goyi baya", na sa hannu. Waɗanda suka biyo bayana ma haka suka yi, wasu har da "Allah ya taya riƙo", sai ka ce naɗin sarauta ake yi.

Bayan 'yan watanni wata ɗaliba da ni na koya mata aikin ta rubuta maƙalarta ta farko, a kan kasuwar garinsu. Rubutun da sauran gyara, madogara ɗaya tak ta kawo. Kafin gari ya waye sabon admin ɗin da muka zaɓa ya goge shafin, bai bar mata ko kalma ɗaya ta bayani ba. In ƙa'ida za a bi, zai iya kare kansa. Amma yarinyar ba ta sake rubuta komai ba. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun kafin zaɓe, na zauna na karanta shafin tattaunawarsa daga farko. Ashe alamun suna nan a fili. Duk wanda ya nuna masa kuskure, ko dai ya samu amsa mai zafi, ko shiru. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni ne ban duba Larabar ba.

Abin da admin ya fi sauran editoci da shi bai da yawa: yana iya goge shafi da maido da shi, yana iya kulle shafi in ana ta ja-in-ja a kansa, yana iya toshe wanda ke ɓarna. Ba shi da albashi, kuma ra'ayinsa kan abin da maƙala za ta ƙunsa bai fi na kowa nauyi ba. Jimmy Wales, wanda shi da Larry Sanger suka fara Wikipedia a 2001, ya faɗa tun a 2003 cewa zama admin ba wani babban abu ba ne. Shi ya sa alamar aikin a Wikipedia ta Turanci ita ce abin goge ƙasa, wato dai an miƙa maka tsintsiya. Sai dai wanda ya yi kwana biyu yana haɗa maƙala a waya, ga tsadar data ga rashin wuta, in aka share masa ita ba zai ga tsintsiya ba, takobi zai gani.

Da na fara bibiyar yadda Wikipedia ta Turanci ke nata zaɓen, na sha mamaki. Kwana bakwai ake yi ana tattaunawa. Ana jera wa mai nema tambayoyi, ana tono gyare-gyaren da ya yi shekaru da suka wuce, kuma wanda ya ce bai goyi baya ba ana sa ran ya faɗi dalili. Mai goyon bayan da ya haura kashi 75 cikin 100 yawanci ya wuce, wanda bai kai 65 ba ya faɗi, na tsakiya kuwa sai wasu 'yan tsirarun editoci masu ikon naɗi su auna ƙarfin hujjoji. Ban ce mu kwaso tsarin dungurungum ba. Zafinsa ya sa mutanen kirki da yawa suna gudun tsayawa: a 2007 sun naɗa admin sama da 400, amma a 2022 da 2023 da ƙyar aka samu goma sha wani abu a shekara. Abin da na ɗauko kawai shi ne tambaya. Yanzu nakan tambayi mai nema ya nuna mini wuri ɗaya da ya yi kuskure aka gyara masa, in ga yadda ya amsa.

Yawan gyara kuwa na daina ruɗuwa da shi tun da na ji labarin Wikipedia ta harshen Scots na ƙasar Sikotilan. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda admin ne a wurin, ya rubuta dubban maƙaloli alhali bai iya harshen ba. Turanci yake ɗauka yana sauya masa kalmomi. Da kyakkyawar niyya ya yi, babu dai isassun masu harshen da ke dubawa. Mu ma da fassarar na'ura ke shigo mana kullum, admin da ba zai iya bambance Hausa da Turancin da aka sa wa babbar riga ba, me zai tsare?

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kara. Mu ba mu da yawa, mun san juna, muna haɗuwa a biki da ta'aziyya, ga ƙuri'a a buɗe take da sunanka a jiki. Ka rubuta "Ban goyi baya ba" yau, gobe ku haɗu a taro. Turawan ma abin ya dame su, shi ya sa a Oktoban 2024 suka gwada zaɓe ta ƙuri'ar sirri, mutum 11 suka samu shiga. Ƙananan Wikipedia kuma suna da wata sauƙin: inda masu zaɓe ba su da yawa, masu kula da dukkan shafukan Wikimedia, wato Wikipedia da 'yan'uwanta, kan ba da admin na wucin gadi, na 'yan watanni, in wa'adi ya cika a sake neman yardar jama'a. Da ina ganin raini ne. Yanzu ina ganin rufin asiri ne ga mai kunya irina, don ya fi sauƙi ka ce a dakata da ka ce a tsige.

Da wani abokin nawa ya tsaya daga baya, na kwana biyu ina karanta tattaunawarsa. Hausarsa tsaf, amma sau uku na ga ya mayar da gyaran wani bai ce uffan ba. Na rubuta cewa ban goyi baya ba a yanzu, na kawo wuraren uku, na ce in ya sake nema nan gaba zan duba. Bayan isha'i ya kira ni.

"Haba Malam, ko a waya ai ka gaya mini."

"Gaskiyarka," na ce, "nan na yi kuskure. Amma abin da na rubuta yana nan."

Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wanne ne na ukun, don shi biyu kawai ya tuna.