Uku da rabi sau huɗu da rabi

A ɗakin matata, ta jikin bangon da gado yake, akwai layin tayil mai ruwan toka, alhali sauran ɗakin fari ne fes. Baƙi kan ɗauka ado ne. Ni kaɗai na san lissafina ne ya kwanta a wurin.

Ana shirin biki na auna ɗakin da kaina: faɗi mita 3½, tsawo mita 4½. Na ce 3 sau 4, 12 ke nan. Rabi sau rabi, kwata. Na sami 12¼, na sayo na murabba'in mita 13, har ina ganin da rara. Da la'asar mai sa tayil ya kira ni: "Oga, kaya sun ƙare, ga ƙasa nan a buɗe." Na koma kasuwa, ashe launin ya ƙare.

Ƙannena, tarawa ce ta ruɗe ni. A tarawa kana iya haɗa cikakkun lambobi daban, gutsattsari daban, amsa ta fito daidai. Hannu ya saba, sai ya kai wannan ɗabi'a wajen ninkawa, inda ba ta ci.

Ku zana ɗakin a takarda, ku ja layi a kan mita 3, wani a kan mita 4. Gida huɗu za ku gani. Babban, 12. Ɗan ƙaramin lungu, ¼. Sai dogaye biyu a gefe: 3 sau rabi, 1½, 4 sau rabi, 2. Waɗannan biyun na tsallake, murabba'in mita 3½ cur.

Hanya mafi aminci ita ce a farfasa kowace lamba tukuna. A cikin 3½ akwai rabi bakwai, wato 7/2. A cikin 4½ akwai tara, 9/2. Ninka na sama da na sama, 63. Na ƙasa da na ƙasa, 4. Raba 63 gida 4, ka sami 15¾. Ko sulusi ne haka ake yi: 2⅓ sau 1½ ya zama 7/3 sau 3/2, uku ta cinye uku, saura 7/2, wato 3½.

Abin da ke ba ni haushi har yau, da na tsaya na yi ƙiyasi da ka, da na kama kaina: 3 sau 4½ kaɗai 13½ ne, ya riga ya wuce abin da na sayo, tun ba a taɓa ɗaya rabin ba. Ku riƙa yin wannan gwajin kafin ku miƙa takardar jarrabawa, ko ku zaro kuɗi a gaban mai shago.