Citta da kirfa a markaɗen ayabata

Watanni uku ke nan da na daina zuba sukari a markaɗen ayaba da nake sha kowace safiya, kuma kayan ƙamshin da ke ajiye a kicin ɗinmu ne suka sa na iya jurewa. Nakan jefa ayaba biyu, da dabino uku da na jiƙa tun dare, da kofi ɗaya na kindirmo a cikin blanda, sannan in kankare 'yar ɗanyar citta, in barbaɗa kirfa kaɗan. Kirfar tana sa harshe ya ji zaƙi ko da babu sukari, cittar kuwa tana kwantar mini da tashin zuciya.

Ranar da na yi gangancin jefa kanumfari biyar, harshena ya yi dundum kamar an yi masa allurar kashe zafi, dole na zubar da kofin gaba ɗaya. Yanzu ƙwaya ɗaya ta ishe ni. Idan na sa kurkur, nakan haɗa da masoro, domin yana taimaka wa jiki ya ci moriyarsa. Da Inna ta ɗanɗana, cewa ta yi wannan ai fura ce da aka hana gero.