Tsibirin da kwamfutata ta share

Talata, Delft, ƙasar Holan.

Yau ko shayi ban tsaya sha ba. Ina idar da sallar asuba na hau keke cikin yayyafi, don tun jiya da magariba na bar kwamfuta tana lissafi, hankalina kuma duk yana wajenta.

Mako uku ke nan ina fama da Santa Rosa, wani siririn tsibirin yashi a gaɓar Fulorida wanda guguwar Ivan ta daka a watan Satumban 2004. An auna tudu da kwarinsa daga jirgin sama kafin guguwar da kuma bayanta, shi ya sa ya dace da gwaji. Manhajar da nake aiki da ita, XBeach, mai lissafa yadda guguwa ke cin gaɓar teku, masana na nan Delft ne suka jagoranci haɗa ta, da tallafin injiniyoyin sojan Amurka, bayan ɓarnar guguwoyin 2004 da 2005. Ana yanka gaɓar gida-gida kamar dara, a ba ta siffar ƙasar ta da, da tsayin igiyoyi, da tashin ruwa, da kaurin ƙwayar yashi. Sauran aikin nata ne.

Da na kunna sakamakon sai na kasa ɗauke ido. Manyan igiyoyin nan masu kumfa tun daga nesa suke karyewa, ƙarfinsu ya ƙare a ruwa mara zurfi. Amma da yake rukuni-rukuni suke zuwa, akwai wata doguwar igiya da ke tafe tare da su, mai ɗaukar rabin minti har minti uku ko huɗu kafin ta wuce. Ita ce ke isa gindin tudun yashin da ke bakin gaɓa, ta ɗauke ƙananan a bayanta su yi ta sara. Gindi ya rarake, sama ya rufto, ruwa ya ja yashin ya koma da shi ciki. Haka na ga rafin garinmu yana cin gaɓarsa da damina ina yaro, wallahi har tsigar jikina ta tashi. Can ruwan ya haura tudun, ya shimfiɗa yashi a bayan tsibirin.

Sai dai murnata ba ta daɗe ba. Da na ɗora nawa a kan awon gaskiya, na tarar na share tuddan da Ivan ta bari a tsaye.

Na kai wa malamata. Ta duba, ta sa yatsa a wani tudu ta ce, me ke kansa? Na ce ciyawa. Ashe ni duk tsibirin na ba shi santsi iri ɗaya, kamar fallen yashi tsirara, alhali ciyawa tana rage wa ruwa gudu. Ta kuma ce in kula, idan ruwa ya yi gudu sosai lissafin yakan kwashi yashi fiye da kima.

Abin ya tsaya mini a rai, domin da irin wannan taswira ake yanke wa mutane shawara, ina za a yi gini, wace hanya za a rufe. Na tuna garin Keta na ƙasar Gana, inda teku ya cinye unguwanni.

Bayan la'asar na zauna da hotunan sama, ina bin ciyawar gida-gida ina shigarwa. Ƙarfe bakwai na sake tayar da lissafin. Sai gobe, in Allah ya kai mu.