Wasiƙun da suka fita a cikin kwandon burodi

Aikin bincike kan kotunan soja na zamanin Abacha ne ya kai ni ɗakin karatu na Jami'ar Maynooth a ƙasar Ayalan. A nan ake ajiye da wasiƙu 28 da waƙoƙi 27 na Ken Saro-Wiwa, marubuci ɗan fafutukar haƙƙin al'ummar Ogoni ta yankin Neja Delta, waɗanda Sista Majella McCarron, 'yar mishan ta cocin Katolika, ta damƙa wa jami'ar a 2011. Ita mutuniyar Fermanagh ce a arewacin Ayalan, ta shafe kusan shekara 30 tana koyarwa a Najeriya, kuma ita ya riƙa rubuta wa tsakanin 1993 da 1995, yawanci daga inda sojoji suka tsare shi. A cikin kwandon burodi ake fito da takardun a ɓoye.

Na je da niyyar tsamo abin da ya shafi shari'a kawai: kamun da aka yi masa a watan Mayun 1994 bayan kisan dattawan Ogoni huɗu, kotun musamman da aka kafa wadda hukuncinta ba shi da ɗaukaka ƙara, da janyewar lauyoyinsa, ciki har da Gani Fawehinmi. Sai na tarar wasiƙun ba sa rabuwa haka. A shafi guda zai yi maganar MOSOP, ƙungiyar kare haƙƙin Ogoni da ya jagoranta, da ɓarnar da haƙar man Shell ta yi wa gonaki da rafuka, ya gangaro kan 'ya'yansa da lafiyar jikinsa, ya koma kan rubutun da yake son kammalawa. In ka yanke ɓangaren iyali ka ajiye gefe, ba za ka gane nauyin abin da ya sa cikin haɗari ba. Tun daga nan na daina tsallake gaisuwa da hirar gida a duk wasiƙar da nake nazari.

Na kuma koyi jera takardu bisa kwanan wata kafin in ce uffan a kansu. Da na yi haka, na ga yadda murya take sauyawa bayan Sista Majella ta koma gida a 1994. Daga nan ta zama bakinsa a waje, tana kai kukan Ogoni gaban 'yan siyasa da 'yan jarida da ƙungiyoyin agaji na Ayalan. Hakan bai hana a rataye shi da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995 ba, kuma wannan yana min ciwo har yau.

Abin da ban zata ba shi ne yadda mutanen Ayalan suka ɗauki maganar tamkar tasu. A 2005, da aka ɗaure mutum biyar na Rossport a yankin Mayo kwana 94 saboda adawa da bututun iskar gas na Shell, sunan Ogoni ya riƙa fitowa a bakin masu zanga-zanga, kuma Sista Majella tana tare da su.

Yanzu duk wasiƙar da wani tsararre ko danginsa suka aiko min, ina rubuta ranar da ta iso da hanyar da ta biyo, in ɗauki hotonta, in adana ta asalin a inda ruwa da gara ba za su kai ba. Saƙonnin WhatsApp ma ina fitar da su a takarda, bayan na nemi izinin mai su.