Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarun da rigar Togo ta daina fita

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yanko mini gefen rumfarsa a babbar kasuwar Asigame, ya damƙa mini ɗan jari. Da na faɗa masa rigunan ƙwallo zan saro, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wannan ai ba tufa ba ce. Wa zai je Masallacin Juma'a da ita?" Bai hana ni ba dai.

A 2005 ke nan, shekarar da ba wanda ya zauna a Lome zai manta. Shugaban ƙasa Eyadema ya rasu a watan Fabrairu, zaɓen Afrilu ya zo da jini, dubban mutane suka tsallaka Benin da Ghana. Kasuwa ta mutu murus. Abu ɗaya da ya rage ana iya hira a kansa ba tare da waige-waige ba shi ne ƙwallo. Stephen Keshi, ɗan Nijeriya, ke horar da Eperviers, wato ƙungiyar ƙasar Togo, kuma a wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2006 a Jamus an haɗa mu rukuni ɗaya da Senegal wadda ta girgiza duniya a 2002, ga Mali, ga Zambiya, ga Kongo, ga Laberiya. Ba wanda ya saka mu a lissafi. Ranar 8 ga Oktoba, cikin kwanakin farko na azumi, muka je Brazzaville muka ci Kongo 3 da 2, Adebayor ɗaya, Kader Coubadja biyu, muka samu gurbin zuwa gasar duniya. Daren nan a Zongon Agoe har tsofaffin da ke yi mana faɗa kan kallon ƙwallo sun fito bakin titi. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓa, suna ta hon, ɗan kudu ya rungumi ɗan arewa, mutanen da watanni shida baya ba sa ga maciji.

Kafin Ƙaramar Salla ba ni da ko riga ɗaya mai ruwan ɗorawa. Da ribar wannan shekara na haɗa lefe.

Amma tun muna murna ɓarakar ta fito. A gasar Afirka ta Masar, farkon 2006, an ci mu wasa uku a jere, Keshi da Adebayor suka samu saɓani a bainar jama'a, aka sallami mutumin da ya kai mu, aka ɗauko Bajamushe Otto Pfister. Muka isa Jamus, maimakon atisaye sai rigimar kuɗin alawus tsakanin 'yan wasa da hukumar ƙwallo, wadda Rock Gnassingbe, ɗan'uwan shugaban ƙasa, ke jagoranta. Saura kwanaki a fara, Pfister ya tattara kayansa ya bar masauki, da kyar ya dawo. Duk da haka, ranar 13 ga Yuni a Frankfurt, Kader ya jefa wa Koriya ta Kudu ƙwallo kafin hutun rabin lokaci. Ɗan Sokode ne, Musulmi, mu 'yan Zongo namu muke ɗaukarsa. A gidan kallon da nake benci ya karye da mu, ba wanda ya ji zafi. Bayan an dawo aka ba kyaftin Jean-Paul Abalo jan kati, suka rama, suka ƙara. Kafin wasan Suwizalan sai da FIFA ta sa baki, don 'yan wasa sun ce ba za su fita fili ba. Suwizalan ta ci mu biyu, Faransa ta ci mu biyu. Ƙwallon nan ta Kader ita ce kaɗai Togo ta taɓa ci a gasar duniya.

Ni dai ban taɓa ganin laifin yaran nan ba. Wanda ya yi aiki a biya shi haƙƙinsa. Abin kunyar na waɗanda suka bari sai da duniya ta zuba mana ido kafin a yi maganar kuɗi ne.

Daga nan sai mutuwa ta shigo. A watan Yunin 2007 mun ci Saliyo a Freetown, jirgi mai saukar ungulu ɗauke da jami'ai da magoya baya ya faɗi a Lungi, fiye da mutum 20 suka rasu, har da ministan wasanni Richard Attipoe. Sai ranar Juma'a, 8 ga Janairun 2010. Da yamma ina kwashe kaya wani maƙwabcina mai sayar da takalma ya zo da rediyo a kunne, jikinsa na rawa. 'Yan tawayen FLEC sun buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a yankin Cabinda na Angola, suna hanyar zuwa gasar Afirka da za a yi a ƙasar. Mataimakin koci Amelete Abalo da jami'in yaɗa labarai Stanislas Ocloo suka rasu. Mai tsaron gida Kodjovi Obilale harsashi ya same shi a ƙugu, aka kai shi Afirka ta Kudu, bai sake buga ƙwallo ba, yana da shekara 25. Gwamnati ta ce su dawo gida a yi makoki. Sai hukumar ƙwallon Afirka, CAF ta Issa Hayatou, ta ce ai katsalandan ne, ta dakatar da Togo daga gasa biyu, ta ɗora tarar dala 50,000. An janye hukuncin a watan Mayu, amma har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa. Obilale kuwa ya sha fitowa yana kukan an manta da shi. Wane uba ne zai ga haka ya so ɗansa ya saka wannan riga?

A Satumbar shekarar kuma aka kwashi wasu yara aka sa musu rigarmu suka je Bahrain a matsayin ƙungiyar ƙasa, aka ci su 3 da nema, hukumar ƙwallo ta ce ba ta san da su ba. Washegarin da labarin ya fito wani ya tsaya a rumfata, ya ɗaga riga ɗaya, ya ce, "Malam, wannan ta 'yan wasan gaske ce ko ta na jabu?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

An ɗan farfaɗo a 2013, lokacin da koci Didier Six ya kai mu zagayen kwata-fainal na gasar Afirka karo na farko, Burkina Faso ta fitar da mu da ƙwallon Pitroipa a ƙarin lokaci. Na saro kaya da yawa a kan wannan fata. Rikicin shugabanci ya sake cinye hukumar, har FIFA ta naɗa kwamitin riƙo, shekarar 2015 ta wuce ba a buga gasar cikin gida ba. Yaron da ke ƙungiyoyin gida irin su Semassi ko ASKO ko Agaza, a ina zai nuna kansa? A gasar Afirka ta Gabon, 2017, maki ɗaya koci Claude Le Roy ya kawo, kuma bayan Maroko ta ci mu wasu suka je suka farfasa gidan mai tsaron gida Kossi Agassa a Lome, mutumin da ya yi fiye da shekara 15 yana tare mana ƙwallo.

Tun daga nan ba mu sake zuwa gasar Afirka ba, alhali an faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 24. Benin ta tare mu a Kwatano a Maris ɗin 2019. A Nuwamba, Komoros, tsibiran da al'ummarsu ba ta kai ta birnin Lome ba, ta zo har gida ta ci mu ɗaya mai ban haushi. Ina filin ranar, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda mutane suka fita. Da, in an ci mu, a yi ta zage-zage har gari ya waye. Ranar kowa ya kama hanyarsa yana tambayar wasan Turai na ƙarshen mako. Ɗana na fari da na tafi da shi ya ce, "Baba, don Allah gobe ka kawo mini ta Sadio Mane."

Dila biyu na rigunan Togo suka kwana a ɗakin ajiya har bera ya fara yi musu ɓarna. Uwargida ce ta ce, "Maigida, kuɗin nan fa kwance suke, ga kuɗin makarantar yara ya taso." Na karyar da su rabin kuɗi ga wata ƙungiyar matasan unguwa, sauran na ba almajirai. Da abin da ya fito, da rancen da Yaya ya ba ni, na yanke shawarar komawa sayar da shadda da yadi. Yadda na hau motar Kano karo na farko, da abin da ya same ni a iyakar Seme kafin in ga Kantin Kwari da idona, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.