Awon injin CNC a sanyin Jos

Injinmu na yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wato CNC, ya fara huda ramukan da ba sa haɗuwa da na abokin haɗinsu. A faranti mai tsawon mita guda, ramin farko ya zauna daidai, na ƙarshe ya kauce. Oga ya ce dogon sukurun da ke tura teburin ne ya cinye, a yo odar sabo. Na ce, "Oga, a bari mu auna tukuna, kuɗin sukurun nan ba na wasa ba ne."

Muka yi hayar na'urar awo da hasken leza ta kamfanin Renishaw aka kawo ta wurin aikinmu da ke hanyar Bukuru. Ƙa'idar duniya ta awon irin waɗannan injuna, ISO 230-2, muka bi: a zaɓi wuraren tsayawa a tsawon tafiyar teburin, a je kowanne sau biyar daga hagu, sau biyar daga dama, a rubuta tazarar da ke tsakanin inda aka umarci injin ya tsaya da inda ya tsaya. Da maikiron ake lissafin, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin kai ma ya kai maikiron 70.

Jos tana da nata sharaɗin. Leza da tsawon zangon haskenta take awo, shi kuwa yana sauyawa da zafin iska, da danshinta, da nauyinta. Garin nan yana sama da teku da kimanin mita 1,200, iskarsa ba ta kai ta Legas nauyi ba. Wanda ya bar na'urar a kan lissafin bakin teku zai ga kuskuren kusan maikiron 35 a kowace mita, ya ɗora wa injin laifin da ba nasa ba. Shi ya sa ƙaramin akwatin auna yanayi da ke zuwa tare da lezar ya fi komai muhimmanci a wurina, ko da yake yaran shago sun ɗauka caja ce.

Sai zafin ƙarfen kansa. Ma'aunin duniya a digiri 20 aka kafa shi, ƙarfe kuma yana miƙewa da kusan maikiron 12 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Da hunturu, safiyar Jos hannu har ƙagewa yake, da azahar kuma kwanon rufi ya gasa shagon. Bambancin digiri goma kaɗai ya haura maikiron 100 a kowace mita. Awon safe da na rana suka ƙi jituwa, sai da muka bar injin yana kai da komo babu yanka har jikinsa ya ɗumama, sannan lambobin suka natsu.

Sako-sako kam akwai, amma kaɗan: duk lokacin da teburin ya juya baya, sai ya ci 'yan maikiron kafin ya motsa. Boris ɗin ƙarshen sukurun ne ya saki. Muka ɗaure shi, muka sake awo, ragowar kuskuren muka shigar a teburin gyara na kwamfutar injin.

Inji mai layin tafiya uku kurakurai 21 ke gare shi, shida a kowane layi, uku na kusurwar da ke tsakaninsu. Ɗaya tak muka gama da shi. Gwajin da'ira, wanda ke tona karkatar kusurwa, mun bar shi sai an sake daidaita ƙafafun injin a kan daɓen. Sabon sukuru dai ba a saya ba, kuma yanzu ba a ɗora aiki mai tsananin awo da sassafe sai injin ya ɗumama.